Tattabarun Auta

Litinin, bayan la'asar

Na dawo daga wurin guga kafaɗata kamar za ta cire, na tarar da ƙanena Auta a bayan shagon Kawu, tsugune gaban kejin tattabarunsa. Ko sannu bai ce min ba. Idan yana gaban tsuntsayen nan, ko gobara ce ta tashi sai dai ta cinye su tare.

Shekararsa goma sha huɗu. Tun da muka zo garin nan ni da Umma kaɗai muka rage masu ce masa Auta, kowa Ƙarfe yake kiransa. Yaran shagon Kawu ne suka laƙaba masa, wai yaron da ya taho daga can shi kaɗai a ƙasa, ya iso bai zubar da hawaye ko ɗigo ba, ai ba da tsoka aka yi shi ba. Shi kuma amsawa yake, har da ɗaga hannu. Ni sunan ba ya min daɗi ko kaɗan. Na san shi tun yana hawa gado in ya ga kyankyaso.

Ranar da muka fito, Baba ya cusa mu ni da Umma cikin motar maƙwabta, shi da Auta suka koma su kulle gida. Abin da ya biyo baya ba zan rubuta shi ba, kowa ya ji a rediyo. Auta ya iso bayanmu da kwanaki, ƙafafu a kumbure, riƙe da buhu. Cikin buhun tattabarunsa ne biyu, mace da namiji, ya fige musu gashin fiffike a hanya don kada su kuɓuce masa. Ya ce Baba ya ce ya yi gaba, zai biyo mu. Muna nan muna jira.

Kawu yayan Umma ne, kafinta. Ya kwashe katakon da ke ɗakin baya ya ba mu ɗakin, har yau dusar katako muke shaƙa, muna tsinto ta har cikin abinci. Shi ya haɗa wa Auta kejin da ragowar katako da waya. Allah ya saka masa da alheri, ba ni da bakin ƙorafi, sai dai in yi shi a nan inda ba mai ji.

Talata, da safe

Yau ma ba labari.

Alhamis, bayan magariba

Umma ta sake zuwa tasha. Duk motar da ta shigo daga wancan ɓangaren sai ta tsaya tana duba fuskoki, ta tambayi wannan, ta tambayi wancan, ko sun ga wani dogon mutum mai furfura a gefe ɗaya na gemu. 'Yan kamasho har sun saba da ita, su ke ba ta benci. Likita ya ce jininta ya hau, ta daina tsayuwar rana. Ta ce masa to, washegari ta koma.

A wurin aiki uwar ɗakina ta nuna ni ga wata mai kawo wanki, ta ce, "Kin ga wannan? Daga can suka gudo, amma dubi yadda take aiki, ko a jikinta. Yaran nan akwai dauriya." Matar ta kalle ni daga sama har ƙasa kamar mai taya akuya, ta ce Allah sarki. Na ce na gode, na ci gaba da fitar da karin wandon mijinta. Dauriya! To in ban yi gugar ba me zan yi, in zauna in yi ta kuka a ba ni abinci? Uwar ɗakina ba muguwa ba ce, bakinta ne dai ba shi da birki.

Na gaji. Ina kewar ɗakinmu. Ina kewar tarin nan da Baba yake yi kafin ya shigo gida, don mu san shi ne.

Asabar, da hantsi

Yau sai da rana zan fita aiki. Auta ya kira ni in zo in ga wani abu. Ya buɗe fiffiken namijin kamar mai buɗe mafici, ya nuna min sabon gashin da ya tsiro.

"Yaya, kin gani? Saura kaɗan ya cika. Na macen ma haka."

Na ce, "Madalla. In ya cika sai mu soye su, na daɗe ban ci nama ba."

Ya harare ni, dariya ta ƙwace masa. "Ke dai cikinki ne zai kashe ki." Sannan ya ce, "In ya cika sakinsu zan yi."

"Su je ina?"

"Gida mana. Ai ba su manta ba, ko daga ina na sake su ɗakinsu za su nufa."

"Wane gidan, Auta? Wa zai ba su ruwa a can?"

Ya yi ta shafa wuyan tsuntsun. Can ya ce suna iya ci da kansu. Na ce, "To in sun tafi, kai fa?"

"Sai a gani."

Wannan "sai a gani" ta tsaya min a rai har yanzu. Haka Baba yake cewa in ya riga ya yanke shawara kuma ba ya son gardama.

Lahadi, bayan azahar

Na kai wa Umma laima tasha, a hanyar dawowa wani mai facin taya da ke bakin ƙofar tashar ya tare ni.

"Ke ce yayar Ƙarfe ko?"

Na ce ni ce.

"To ki ja masa kunne. Kwanaki ya yi ta zarya a nan yana tambayar direbobi hanyar garinku. Ina mota take tsayawa, daga nan ta ina ake bi a ƙasa, wace hanya ce ba shinge. Yaro ne mai kai, amma wanda duk ya bi hanyar nan yanzu..." Ya girgiza kai bai ƙarasa ba, ya koma kan tayarsa.

Ashe abin da ake shiryawa ke nan. Ya saki tsuntsaye, in sun tafi ba abin da zai riƙe shi a nan, shi ma ya bi bayansu neman Baba. Na haɗa wannan da wancan, ban ga wata amsa ba sai ita. Baba ban san inda yake ba, ba zan yarda in wayi gari ban san inda wannan yake ba shi ma. Wallahi ko da igiya ce sai na ɗaure shi.

Litinin, da yamma

Na sami Kawu yana haɗa ƙafar kujera na gaya masa. Ya saurare ni da ƙusa a bakinsa, ya cire ta ya ce, "Ke kin cika tsoro. Ƙarfe namiji ne, ya san abin da yake yi. Yaron da ya ratsa wuta ya fito, ke ce za ki koya masa hankali? Shi ne babanku yanzu."

Na ce, "Kawu, yaro ne fa."

"Da ne yake yaro," in ji shi, ya buga ƙusarsa.

Umma ba zan iya gaya mata ba saboda jininta. Ba labari.

Laraba, da hantsi

Na yi abin da na yi.

Auta ya bi yaran shago kai kujeru wani gida, ni kuma na buɗe kejin. Namijin ya fi ƙarfina, ya yi ta dukana da fiffike. Macen ce ta zo hannuna da kanta, don ta saba ina watsa mata tsaba. Auta da bakinsa ya taɓa gaya min namijin ba ya tafiya ya bar ta, don haka ita kaɗai ta isa. Ban san sabon gashi yana da jini a gindinsa ba. Da na ja na farko ta yi wata 'yar ƙara, zuciyarta tana bugawa a tafin hannuna da sauri da sauri. Na rufe ido na ƙarasa.

Gashin na ƙulle shi a bakin zane. An ɗauke wuta a wurin aiki mun koma dutsen gawayi, na cusa shi cikin garwashi. Uwar ɗakina ta leƙo tana toshe hanci, wai wa yake babbaka a shagonta.

Na gaya wa kaina don shi na yi. Har yanzu ina ta gaya wa kaina.

Laraba, bayan magariba

Ya gani. Ya ɗauka Gajere ne, ɗan Kawu mai shekara goma, wanda ya saba zura kara cikin kejin yana tsokanarsu.

Ban taɓa ganin fuskar Auta haka ba. Bai yi ihu ba, bai zagi kowa ba. Ya kama Gajere ya kai shi ƙasa ya yi ta duka shiru, kamar mai aikin da aka ba shi. Sai da manyan yaran shago suka ɓamɓare shi da ƙyar. Leɓen Gajere ya fashe, haƙorinsa na gaba yana girgiɗi. Matar Kawu ta fito ko ɗankwali babu tana cewa, "An kawo mana masifa har gida! Ku kun saba ganin jini, mu ba mu saba ba!" Umma ta durƙusa tana ba ta haƙuri. Umma, a ƙasa, gwiwoyinta cikin dusar katako. Kawu yana tsaye da guduma a hannu, yau bai ce Ƙarfe namiji ne ba.

Ni kuwa ina bakin ƙofa ina kallo, bakina ya mutu. Kalma ɗaya da na faɗa da duk haka ba ta faru ba. Tsoro ne ya kama ni, ba wani abu ba.

Alhamis, da safe

Na sayo wa Gajere alewa, ya ce ba zai iya sha ba, leɓensa yana zafi. Ya ce na gode Yaya. Na tsani kaina.

Juma'a, bayan la'asar

Na gaya masa. Na same shi yana shafa wa macen mai a inda na fige.

"Auta, ba Gajere ba ne. Ni ce."

Ya ɗago a hankali. "Ke, Yaya?"

"Mai faci ya gaya min komai. In sun tafi bin su za ka yi. Ni kuwa ba zan bari ba, ko za ka tsane ni har ƙarshen duniya."

Ya ce, "Kin san abin da kika yi kuwa?"

"Na sani."

"Ba ki sani ba."

Ya mayar da ita keji ya rufe. Daga nan ya wuce ya sami Gajere a gaban uwarsa, ya tsuguna ya ba shi haƙuri, ya ce ya gano ba shi ba ne. Bai ambaci sunana ba. Da dukana ya yi da ya fi min sauƙi. Ni na je na faɗa wa matar Kawu da bakina, ta ja tsaki ta ce da ni da shi duk tafiyarmu ɗaya.

Lahadi, da yamma

Ba ya min magana. In na miƙa masa abinci sai ya ce, "Umma, ki ce ta ajiye." Umma ta tambayi abin da ya haɗa mu, na ce wasa ne ya yi tsami. A waje kuwa yana ta fara'a da kowa, yana ɗauko wa Kawu katako yana fito, har ana cewa Ƙarfe ya huce. Ni na san bai huce ba, ina ganin yadda yake cije leɓe in ya zaci ba mai kallonsa.

Ba labari.

Talata, bayan la'asar

In ban rubuta ba kaina zai fashe.

Na tashi da safe ba ya ɗaki. Na leƙa keji na ga ya cika musu tsaba fiye da kullum, ya ƙara gwangwanin ruwa na biyu. Da na ga gwangwanin nan na gane. Na ce wa Umma an kira ni aiki da wuri, na fita, da na sha kwana na zura da gudu. A tasha mai faci bai bari na tambaya ba, ya nuna min rumfar ƙarshe da haɓa. Auta yana bayan wata a-kori-kura, zaune kan buhuna, direba yana ɗaure kaya.

Na kama ƙafar wandonsa na ce, "Sauko."

"Sake ni, Yaya, mutane na kallo."

"Su kalla! In ba ka sauko ba gaban tayar nan zan kwanta, ka san halina."

Direban ya ce shi ba ya ɗaukar rigima a motarsa, yaro ya sauka su sasanta da yayarsa. Na jawo shi bayan rumfar mai faci muka zauna kan tsofaffin tayoyi. Na wanke shi tas. Na ce ba shi da imani, ba ya tausayin Umma, ya bari mutane sun hure masa kunne da sunan banza har ya ɗauka harsashi ba ya huda shi. Ya bar ni sai da na gaji don kaina. Sannan ya ce, "Da kin bar su sun tafi, da ba sai na je ba."

Na ce ban gane ba.

"Da farko ni na so in je, shi ya sa na tambayi hanya. Sai na ga Umma ba za ta iya ɗauka ba. Na ce to su su je a madadina."

"Su je su yi me? Su kira Baba?"

"Su zauna da shi. Shi kaɗai ne a gidan, Yaya."

Allah ya yafe min wautata, daɗi na ji. Na ce, "Yana gida? Ka san yana gida ka yi shiru muna ta wahala?" Ya kalle ni, ya sunkuyar da kai yana tona robar taya da farce.

"Yana tsakar gida, gindin ɗakin tattabaru. Iya nan na iya jawo shi, kuma ƙasar wurin da laushi. Ni kaɗai ne, ban iya yin zurfi ba."

Motoci suna ta shiga suna fita, wani yana kiran fasinja. Na ce, "Tun ranar?"

"Tun ranar."

"To me ya sa ka ce zai biyo mu?"

"Na shigo na ga fuskar Umma, bakina ne kawai ya faɗa. Daga nan kowa sai cewa yake na yi ƙoƙari, na yi jarumta. Ta ina zan fara?"

Ban yi kuka a wurin ba. Na riƙe wuyan hannunsa gam kamar wani zai ƙwace min shi. Mai faci ya kawo mana ruwa ya ajiye, bai tambayi komai ba. Mun yi alkawari ni da Auta: shi ba zai sake hawa mota ba har gashin macen ya fito a sake su, ni kuma ba zan gaya wa Umma ba, shi zai faɗa in ya iya. Mun dawo gida tare. Umma ta ga mun shirya, ta yi murmushi ta ce dama ta san ba ma daɗewa.

Laraba, da safe

Na buɗe in rubuta abin da na saba rubutawa, na kasa.

Asabar, bayan magariba

Umma ta roƙi Kawu ya buga mata ƙusa a bango ya kuma nemo ƙarin tabarma, wai in babanmu ya iso ya sami inda zai rataye riga ya miƙe baya. Kawu ya buga. Auta ne ya riƙe masa kujerar da ya taka. Ban san yadda yaron nan ya yi ya rayu da wannan abu shi kaɗai ba, ni 'yan kwanaki kawai na yi da shi har abinci ya daina wuce min.

A wurin aiki na bar dutse kan farar rigar wani har ta yi baƙi. Uwar ɗakina ta buɗe baki za ta fara, "Ke da ba kya kuskure," sai ta kalli fuskata ta fasa. Na wuce bayan shago inda ake shanya, na shiga tsakanin zannuwan gado na yi kukan da ban yi ba tun da muka zo. Na ji ta jawo ƙofa ta rufe, ta ce wa sauran kada wanda ya je kwashe shanya tukuna.

Alhamis, da yamma

Na daɗe ban rubuta komai ba. Kwanakin duk iri ɗaya ne: guga, gida, keji. Umma tasha.

Gashin macen yana fitowa. Kullum da yamma muna tsugunawa mu duba, ya koya min yadda ake riƙe ta ba a matse ƙirjinta ba. A gaban kejin ne kawai yake magana, kaɗan kaɗan, idonsa a kan tsuntsaye. Ba zan rubuta abin da yake faɗa ba. Jiya da hadari ya haɗu ya ce, "Yaya, kina ganin ruwan sama zai iya buɗewa?" Na ce a'a, ai wurin akwai rumfa. Ban sani ba, amma na faɗa da ƙarfi kamar na sani.

Litinin, bayan la'asar

Na ga namijin yana zura baki ta waya yana jawo siraran ɓawon katako yana tarawa a lungu. Na tambayi Auta, ya ce sheƙa yake son yi. Na ce ma'ana? Ya ce ma'ana gara a sake su da wuri kafin su ɗauka nan ne gida. Ya buɗe fiffiken macen ya duba, ya ce jibi.

Raina biyu ne. Ina so su tafi saboda shi, ina tsoron abin da zai biyo baya ko sun tafi ko ba su tafi ba.

Laraba, da hantsi

Mun hau kan tarin katakon Kawu. Ya riƙe namijin, ya miƙo min macen ya ce, "Ke kika fige ta, ke za ki sake ta." Muka buɗe hannu tare. Suka tashi da ƙarar fiffike, suka yi ta zagaye saman unguwa, suna ƙara nisa, can suka miƙe ta wancan ɓangaren har suka ɓace. Na ji ya ce a hankali, "Ku gaida shi."

Da muka sauko ya cinye abincinsa ya haɗa da rabin nawa, na bar shi. Zan tafi aiki, na makara.

Laraba, bayan la'asar

Sun dawo.

Na shigo na same su biyun a kan rufin keji, namijin da ɓawon katako a baki. Auta yana zaune a ƙasa ya jingina da bango. Ya ce, "Sun ƙi." Na zauna kusa da shi da kayan aikina a jiki. Ya ce, "Sun saba da nan. An daɗe da su da yawa." Bai ce ke ce ba, amma ni na san wa ya daɗar da su. Abin da na nema ke nan tun farko, ga shi na samu, ban taɓa jin baƙin ciki irin na yau ba.

Alkawarinmu kuma ya ƙare, gashi ya fito, an sake su. Ƙafafunsa nake ta kallo. Na ce, "Yanzu fa?" Ya bi tsuntsayen da kallo.

Na ce, "Auta, ko ka isa can da ranka, me za ka yi masa? Ka zauna a tsakar gida har su zo su same ka? Tun ranar nan ba wanda ya ce Allah ya ji ƙan Baba sai kai, sai ni daga baya. Umma tana can tana roƙon Allah ya dawo da shi lafiya. Mu muka bar shi shi kaɗai, ba tattabaru ba."

Macen ta sauko ta shige keji da kanta. Ya ce, "In jininta ya tashi fa?"

"Ina nan. Kawu yana nan. Likita ba nisa."

Ya share hanci da bayan hannu ya ce, "To ki zauna kusa da ni."

Alhamis, bayan azahar

Umma ta yafa mayafi za ta tasha, Auta ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Umma, kada ki je yau." Ya durƙusa a gabanta, na zauna har kafaɗata tana taɓa tasa. Ya faɗa mata duka, idonsa a kan tabarma, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. Umma ta dafa bango ta zauna a hankali. Na zaci faɗuwa za ta yi, ba ta faɗi ba. Ana jin zarton Kawu a waje.

Sannan ta ce, "Ka rufe masa fuska?"

"Na rufe, Umma. Da rigata."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai."

Ta kamo hannuwansa biyu ta juya su tana kallo, ta ɗora su a fuskarta ta ce, "Wayyo ɗana, da waɗannan 'yan hannuwan?" Nan ya karye. Kukan yara ya yi, da majina da shessheƙa, ya cusa kai a cinyarta yana cewa ta yafe masa. Kukan Umma kuwa ba zan rubuta shi ba. Na tashi na je na kira Kawu, ya ajiye zarto ya tsaya kamar an dasa shi, sai da na sake faɗa.

Juma'a, da yamma

Tun safe mutane suke shigowa gaisuwa, ɗakin bai ɗauke su ba, an jera benci a ƙofar shago. Likita ya zo ya duba Umma, ta sha maganinta, tana kwance amma tana amsa wa mutane. Duk wanda ya ce Allah ya ji ƙansa sai in ji kamar yanzu aka gaya min.

Baba ya rasu. To, na rubuta.

Ina ta leƙa waje, na kasa dainawa. Auta yana kan benci kusa da Kawu, idanu a kumbure, yana miƙa hannu yana cewa amin. Na leƙa ɗazu, na sake leƙawa yanzu. Yana nan.